Biyer-sheba: tarihin garin da rijiya ta kafa

Gabatarwa

A kudancin ƙasar Falasɗinu ta tarihi, daidai inda gonakin alkama da sha'ir suke ƙarewa hamadar Negeb ta soma, akwai wani tsohon gari da Littafi Mai Tsarki na Hausa yake rubutawa Biyer-sheba, Larabawa kuwa suna ce masa Bi'irus Saba'i. A yau yana cikin ƙasar Isra'ila, shi ne ma babban birnin kudancinta, da mutane fiye da dubu 200. Ruwan saman da yake samu bai wuce milimita 200 ba a shekara, wato wajen rabin abin da Tawa take samu, kuma a lokacin sanyi yake sauka. Wata shekara a samu, wata a rasa. Duk da haka, shekaru dubu shida ke nan mutane suna zuwa wurin su zauna, su watse, bayan wani zamani waɗansu su sake zuwa.

Dalilin wannan naci yana ƙarƙashin ƙasa. Ƙoramu biyu ne suke haɗuwa a nan, ɗaya ta gangaro daga duwatsun Hebron, ɗaya ta biyo daga gabas. Kusan duk shekara a bushe suke, amma ruwa yana kwance a ƙarƙashin yashinsu, kamar yadda mazauna bakin Gulbin Maraɗi suka san halin nasu gulbin. Wanda ya yi gina zai sha. Maƙasudin wannan rubutu shi ne mu bi sawun garin ta hanyar shaidu iri biyu, abin da nassi ya ba da labari da abin da masu tonon kufai suka fiddo daga ƙasa, domin mu ga yadda rijiya take tara mutane, da kuma abin da ke faruwa idan ba a yi yarjejeniya a bakinta ba.

Sunan da ke da ma'ana biyu

A harshen Ibrananci, be'er rijiya ce, daidai da bi'ir a Larabci. Kalma ta biyu, sheba, ita ce mai fuska biyu: tana nufin bakwai, kuma daga saiwarta aka samu kalmar rantsuwa. Mu ma muna da wannan saiwar a bakinmu, domin saba'in da muke ƙirgawa daga Larabci muka aro ta. Saboda haka ana iya fassara sunan garin da Rijiyar Bakwai, ana kuma iya cewa Rijiyar Rantsuwa. Littafin Farawa, na farko cikin Attaura, ya kawo labarin da ya haɗa ma'anonin biyu.

Annabi Ibrahim, alaihis salam, yana zaune da dabbobinsa a wannan yanki a matsayin baƙo. Abimelek, sarkin Gerar, ya zo wurinsa tare da shugaban mayaƙansa yana neman su ƙulla amana. Ibrahim ya yarda, amma ya kawo ƙara a kan wata rijiya da barorin sarki suka ƙwace masa. Sarki ya ce bai taɓa jin zancen ba sai ran nan. Sai Ibrahim ya ba shi tumaki da shanu, ya kuma ware ƴan tumaki mata bakwai a gefe guda. Da sarki ya tambayi dalili, ya bayyana masa cewa karɓarsu ita ce shaidar cewa shi ne ya gina rijiyar. Suka rantse wa juna, Ibrahim ya dasa wani itace na hamada a wurin.

Abin lura a nan shi ne hikimar shari'ar. Baƙo ne mai rauni a gaban sarki mai mayaƙa, babu takarda, babu alƙali. Gumin da ya zubar wajen gina bai hana a ƙwace masa rijiyar ba. Abin da ya tsare masa ita shi ne kyautar da mai ƙarfi ya karɓa a gaban jama'a. Tumakin nan bakwai, da abin da za su haifa a garken sarki, su ne takardar mallaka.

Littafin ya nuna cewa irin wannan amana tana bukatar sabuntawa. Bayan rasuwar Ibrahim, mutanen ƙasar suka cike rijiyoyinsa da ƙasa. Ɗansa Ishaku ya yashe su, bayinsa kuma suka gina sababbi a kwarin Gerar. Makiyayan wurin suka yi gardama a kan ta farko, ya sa mata suna Esek, wato jayayya. Suka yi a kan ta biyu, ya kira ta Sitna, wato gaba, kalmar da saiwarta ɗaya da ta shaiɗan. Ta uku ba wanda ya tanka, ya kira ta Rehobot, wato yalwa, daga saiwar da ta ba Larabawa marhaban, ta ba mu maraba. Daga nan ya hau zuwa Biyer-sheba, inda aka sake rantsuwa tsakaninsa da sarkin Gerar, kuma a ranar ne bayinsa suka zo masa da albishir sun tarar da ruwa.

A babin da ya kawo rantsuwar Ibrahim ne kuma Farawa ya ce Hajara da ɗanta Isma'ila sun yi ta yawo a jejin Biyer-sheba har ruwan salkarsu ya ƙare, kafin Allah ya nuna mata rijiya. Musulmi sun san wannan ƙissa ta wata hanya: a kwarin Makka ta faru, rijiyar kuwa Zamzam ce, kuma Alƙur'ani bai ambaci sunan Biyer-sheba ba. Malamin da ke koyar da ɗalibai masu addini dabam-dabam ya kamata ya faɗi kowace riwaya da sunan masu ita, ba tare da ya cuɗanya su ba.

Iyakar ƙasa ta kudu

A zamanin alƙalai da sarakunan Bani Isra'ila, Biyer-sheba ta zama alamar iyaka. Idan marubuta suna son su ce ƙasar gaba ɗaya, sai su ambaci garin Dan a arewa da Biyer-sheba a kudu. Tsakaninsu kusan kilomita 240 ne, kamar daga Maraɗi zuwa Damagaram. Wanda ya wuce nan ya bar ƙasar noma da ikon sarki. A nan Yakubu ya tsaya ya yi hadaya kafin ya gangara Masar wurin Yusufu. A nan kuma Annabi Iliya, yana gudun sarauniya Yezebel, ya bar baransa ya shiga jeji shi kaɗai tafiyar yini guda.

Nisa da fada yana da nasa haɗari. Annabi Sama'ila, da ya tsufa, ya naɗa ƴaƴansa biyu alƙalai a Biyer-sheba. Suka shiga karɓar toshiya suna karkatar da shari'a, har dattawa suka taru suka nemi a naɗa musu sarki. Bisa ga wannan labari, rashin adalci a garin rantsuwa yana cikin abubuwan da suka haifar da sarauta a Isra'ila.

Abin da ƙasa ta faɗa

Shaida mafi tsufa ta girmi duk waɗannan labarai. A shekarun 1950, wani masani Bafaranshe mai suna Jean Perrot ya yi tono a Bir Abu Matar da Bir Safadi, a bakin ƙoramar. Ya tarar da ɗakuna da aka fafe a ƙarƙashin ƙasa, da hanyoyi masu haɗa su, na wajen shekara 4000 kafin Miladiyya. Mutanen wurin suna noma, suna kiwon tumaki da awaki, suna narka tagulla da ake kawo musu tamarta daga Fainan, a ƙasar Jodan ta yau, suna kuma sassaƙa mutum-mutumi da haure. Bayan ƴan ƙarnoni suka bar wurin, ya zama kufai.

Shaida ta biyu tana kan wani tudu da ke kilomita kaɗan gabas da birnin yanzu, wanda Larabawa ke kira Tal as-Saba'i. Irin wannan tudu kufai ne a kan kufai, kowane zamani ya yi gini a kan ɓaraguzan na gabansa. Yohanan Aharoni na Jami'ar Tel Abib ya tone shi daga 1969 zuwa 1975, bayan rasuwarsa a 1976 kuma Ze'ev Herzog ya ci gaba. Zama na farko na zamanin ƙarfe da suka tarar, wajen ƙarni na 12 zuwa na 11 kafin Miladiyya, ramuka ne da bukkoki. Daga baya aka kewaye wurin da ganuwa.

A nan akwai abin da bai kamata a ɓoye wa ɗalibi ba. Ba a samu gini ko tukwane na zamanin da aka saba danganta wa Ibrahim ba, wato farkon shekaru dubu na biyu kafin Miladiyya. Waɗansu masana suna ganin an rubuta labaran kakanni ne a zamanin sarakuna, aka sa su a wuraren da masu sauraro suka sani. Waɗansu suna amsawa da cewa nassin rijiya da alfarwa ya ambata, makiyayi kuwa idan ya tashi ba ya barin bango. Akwai ma masu cewa ainihin tsohon garin yana ƙarƙashin birnin yanzu, tudun kuwa cibiyar mulki ce kawai. Magirbi yana iya nuna abin da aka gina da lokacin da aka ƙone shi. Rantsuwa tsakanin mutum biyu ba ta barin toka.

Garin da ya fi fitowa fili a tonon shi ne na ƙarni na 8 kafin Miladiyya, zamanin masarautar Yahuza. Ƙarami ne, faɗinsa hekta guda da ƴan kai, mazaunansa ba su wuce ɗari uku zuwa huɗu ba. Amma da gani an san tsara shi aka yi kafin a gina. Titi guda ya zagaye garin ta ciki, gidaje suna jingine da ganuwa, akwai dandali a bayan ƙofa, da gidan hakimi, da manyan ɗakunan ajiya uku masu ginshiƙai inda aka tarar da tukwane ɗaruruwa. An bi ƙarƙashin tituna da magudanar ruwa. Wannan zaman ma'aikatan sarki ne da sojoji, masu tara haraji da tsaron hanyar fatake da ke zuwa daga ƙasar Larabawa ta nufi bakin teku.

Aikin ruwa ya fi kome ban mamaki. A wajen ƙofa akwai rijiya mai zurfin kusan mita 70, an fafe ta cikin dutse. Da yake a waje take, baƙo da makiyayi suna iya ban ruwa ba tare da sun shiga gari ba. Domin lokacin yaƙi kuma, an yi wani tanadi a ciki: rami mai zurfin mita 17 da matakala, mai kai wa ga tafki na ƙarƙashin ƙasa mai ɗakuna biyar da aka shafe da farar ƙasa. Yana ɗaukar kimanin lita dubu 700, wato ganga 3500 mai lita 200. Wata ɓoyayyiyar hanya ce take janyo masa ruwan ambaliya daga ƙoramar Hebron a ƴan kwanakin da take kawowa.

Bagaden da aka wargaza

A shekarar 1973, masu tono suka lura da waɗansu sassaƙaƙƙun duwatsu a cikin bangon ɗakin ajiya, waɗanda ba su yi kama da sauran ba. Da aka fiddo su aka harhaɗa, sai ga bagade na ƙona hadaya, tsayinsa ya ɗara mita ɗaya da rabi, da ƙaho a kusurwoyinsa. Wani ne ya wargaza shi da gangan, aka yi gini da duwatsunsa.

Wannan ya zo daidai da abin da nassi ya nuna. Annabi Amos, a tsakiyar ƙarni na 8, ya tsawata wa masu tafiya ziyarar ibada Biyer-sheba, abin da ke nuna akwai wurin sujada sananne a can. Littafin Sarakuna kuma ya ce sarki Hezekiya ya rushe wuraren hadaya na garuruwa domin a tattara ibada a Urushalima. Aharoni ya danganta wargaza bagaden da wannan gyara, ko da yake wani masanin, Yigael Yadin, ya fi karkata ga zamanin sarki Yosiya, kusan ƙarni guda bayan haka. Ainihin bagaden yana gidan tarihi na Isra'ila a birnin Ƙudus, an kafa kwatankwacinsa a kan tudun.

Ƙarshen wannan gari wuta ce. Yawancin masana suna danganta ta da yaƙin Sennakerib, sarkin Assuriya, a shekarar 701 kafin Miladiyya, wanda ya yi alfahari a rubuce-rubucensa cewa ya ci garuruwa 46 masu ganuwa na Yahuza. Tanadin ruwa bai cece su ba. A shekarar 2005 hukumar UNESCO ta sa tudun cikin wuraren gadon duniya, tare da na Magiddo da na Hazor.

Ƙarnonin shiru

Bayan haka wurin bai mutu ba gaba ɗaya. A zamanin Farisawa an ajiye hatsi a kan tudun, domin an samu katangun tukwane masu rubutun Aramiyanci da ke lissafin alkama da sha'ir. Rumawa sun gina ƙaramin sansani. A ƙarni na 4 na Miladiyya, malamin coci Yusebiyus ya siffanta Biyer-sheba da babban ƙauye mai rundunar soja, kuma taswirar Madaba ta ƙarni na 6, wadda aka shimfiɗa da ƙananan duwatsu a daɓen wani coci a Jodan, ta nuna ta. A ƙarnonin farko na mulkin Musulunci garin ya yi ta raguwa har ya watse.

Da Ba'amurke Edward Robinson ya iso a 1838, bai tarar da gida ko ɗaya a tsaye ba. Rijiyoyi biyu ya gani, da kwamen dutse kewaye da su domin ban ruwan raƙuma da tumaki, igiyoyin guga kuma sun ci duwatsun bakinsu sun yi musu zurfafan tsaga. Gari ya tafi, amma ba a daina jan ruwa ba. Masu jan kuwa Larabawa ne makiyaya da ake kira Badawi, na ƙabilun Azazma da Tiyaha da Tarabin, waɗanda suke da nasu dokoki na rijiya da makiyaya da diyya.

Dawowar gari da yaƙe-yaƙen ƙarni na 20

A shekarar 1900, zamanin Sarkin Musulmi Abdulhamid na biyu, Turkawa suka sayi fili daga Azazma suka kafa sabon gari kusa da rijiyoyin. Nufinsu su sa ido a kan makiyaya, su karɓi haraji, su kuma tsare iyaka da Masar wadda take hannun Ingila. Suka shata tituna miƙaƙƙu, suka gina gidan gwamnati, da masallaci a 1906, da makarantar ƴaƴan shehunnan ƙabilu. Jirgin ƙasa ya iso a 1915.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya rijiyoyin suka sake zama abin faɗa. Sojojin Ingila sun kai wa Gaza hari sau biyu, a Maris da Afrilu na 1917, ba su yi nasara ba. Janar Allenby ya shirya zagayawa ta gabas, ta Biyer-sheba. Amma dubban dawaki da suka ratso jeji da dare ba za su iya kwana biyu babu ruwa ba, saboda haka tilas a ci garin a yini guda, kafin masu tsaronsa su fasa rijiyoyin da nakiyar da suka riga suka ɗana. Ranar 31 ga Oktoba 1917, da la'asar sakaliya, mahayan Ostiraliya wajen 800 suka yi sukuwa a kan ramukan Turkawa, wuƙaƙen bindiga a hannu. Mutum 31 daga cikinsu suka mutu, aka kuma tarar da mafi yawan rijiyoyin lafiya. A ranar nan ce majalisar yaƙi ta Ingila ta amince da sanarwar Balfour, wadda aka fitar ranar 2 ga Nuwamba, mai alkawarin kafa wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu. Ƙudus ta faɗa hannun Ingila a watan Disamba.

A ƙarƙashin mulkin Ingila garin ya zauna cibiyar Badawi. Arif al-Arif, wanda ya yi hakimcin yankin daga 1929 zuwa 1939, ya rubuta tarihin garin da ƙabilunsa da kuma littafi a kan shari'arsu. Shirin raba ƙasa na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1947 ya sa Biyer-sheba cikin ƙasar Larabawa. Amma ranar 21 ga Oktoba 1948 sojojin Isra'ila suka ƙwace ta daga hannun sojojin Masar. Larabawan garin waɗansu suka gudu, waɗansu aka kore su, da yawa suka ƙare a Gaza. Daga dubban Badawi masu yawa da ke Negeb, kimanin dubu 11 ne suka rage. Aka cika garin da Yahudawa ƴan ƙaura daga Maroko da Iraƙi da Rumaniya, daga baya kuma daga Habasha da tsohuwar Tarayyar Sobiyet. An buɗe jami'a a 1969, wadda take ɗauke da sunan Ben Gurion. Masallacin 1906 kuwa ba a mayar da shi wurin salla ba, gidan tarihi ne.

Ruwa a yau

Birnin yanzu ba ya dogara da rijiyoyinsa. Bututu ne suke kawo masa ruwa daga arewa tun shekarun 1950, kuma tun daga 2005, da aka buɗe babbar matatar Ashkelon, ruwan teku da aka cire wa gishiri ya zama babban kaso na abin da ƙasar take sha. Rijiyar da ake kira ta Ibrahim, kusa da tsohon garin Turkawa, ta zama wurin ƴan yawon buɗe ido.

Amma tsohuwar ƙarar ba ta mutu ba. Badawin da suka rage an tattara su a yanki guda ƙarƙashin mulkin soja har 1966. Daga 1968 gwamnati ta gina musu garuruwa bakwai, na farkonsu dab da tsohon tudun, mafi girmansu Rahat. Dubban mutane sun ƙi barin filayen da suke cewa na kakanninsu ne, suna zaune a ƙauyukan da hukuma ba ta amince da su ba. Hukuma tana cewa filayen na gwamnati ne tun da babu rajista, su kuwa suna kafa hujja da gado da shaidar ƙabila. Irin waɗannan ƙauyuka ba a haɗa gidajensu da bututun gwamnati, sai su sayo ruwa a tanki ko su ja roba daga nesa. A 2011 Kotun Ƙoli ta Isra'ila ta yanke cewa samun ruwa haƙƙi ne na ɗan Adam, kuma dole a ba su gwargwadon bukata, amma ba ta warware zancen fili ba. Hausawa suna cewa rijiya ta bayar, guga ta hana.

Kammalawa

Darasi biyu nake ganin malami zai ɗauka daga wannan tarihi. Na farko na hanyar koyarwa ne: a saba wa ɗalibi ya tambayi kowace shaida abin da take iya faɗa, nassi da nasa, tukunya da nata, ya kuma jure idan ba su zo daidai ba. Na biyu ya shafi ƙungiyoyinmu na al'adu. Abin da ya kiyaye sunayen Esek da Sitna da Rehobot har suka iso gare mu shi ne wani ya zauna ya rubuta su, tare da dalilin kowane suna. A garuruwanmu da mashekaran makiyayanmu akwai tsofaffin rijiyoyi masu suna, kuma akwai sauran dattawan da suka san wanda ya gina kowace, da abin da aka yanka, da wanda aka yarda ya fara ban ruwa da wanda zai bi baya. Aiki ne da ƴan aji guda za su iya yi a hutu ɗaya, da littafin rubutu da alƙalami, muddin dattawan suna raye.